Milimita shida a kan naira 974,500: yadda aka rage mini faɗin hanci

Tun da maganar ta fita cikin ƙawayena cewa an taɓa mini hanci, ban huta da saƙo ba. Yawanci da daddare ake turowa, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi Umma da ɗalibai, can ƙasa sai a ce, "Don Allah nawa ne?" Amsar biyu ce, shi ya sa nake jinkiri. Asibitin da aka yi mini aikin a Kaduna cewa suka yi naira 600,000. Ɗan littafin da nake rubuta cinikin turare a ciki kuwa, wanda na ware wa wannan lamari shafuka uku na ƙarshe, cewa ya yi naira 974,500. Tsakanin waɗannan lambobin biyu akwai wata goma sha biyu na zirga-zirga, daga Fabrairun 2024 zuwa Fabrairun 2025, kuma shi nake so in warware wa duk wadda take tunanin bin wannan hanya daga Zariya. Farashin nan na lokacin ne, kowa ya san yadda naira take, kar wata ta riƙe shi ta je tana musu da akawu.

Ina da shekara tara ƙyauren langa-langa ya tsaga mini gefen hanci na hagu a gidanmu na Tudun Wada, muna guje-guje da magariba. Mai kemis ɗin unguwa ya ɗinke, Allah Ya saka masa, ya yi iya abin da ya sani. Wurin ya warke a buɗe, ƙofar hagu ta fi ta dama faɗi kuma ta ɗan ɗage sama. Ba zan ɓoye ba, dama can hancin gidanmu bajajje ne, ba irin wanda ake wa kirari da hanci har baka ba. Ciwon ya zo ya ƙara wa Barno dawaki. A firamare na sha suna iri-iri, ɗaya daga ciki har yau ba na son ji. Na girma, na yi NCE, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Samaru, amma duk hoton biki za ka gan ni na karkata fuska gefe ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka yanga ce.

Asarar farko da hannuna na jawo ta. Na ga tallar wani ɗan maƙalin roba a TikTok, wai a maƙala a hanci minti talatin kullum zai tsuke. Naira 4,500 har da kuɗin kawowa. Na yi wata guda ina maƙalawa ina gyaran jarrabawar yara, ina numfashi ta baki kamar mai mura. Abin da na samu shi ne jan shati biyu da suke ɓacewa kafin in gama shafa mai. Daga nan na faɗa hannun wani shafi a Instagram mai ɗauke da hotunan kafin aiki da bayan aiki masu ɗaukar ido. Suka ce in tura 15,000 kuɗin ganin likita ta bidiyo. Na tura. Wata mata ta kira ni minti huɗu, ba ta faɗi sunanta ba, ba ta ce in juya fuska ba, ta ce aikina miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne a Abuja, in biya rabi a riƙe mini rana. Da na ce a ba ni cikakken sunan likitan da zai yi aikin, sai amsa ta ɗauke. Har yau shuɗin layi biyu ne a kan saƙon nan.

Yayana na fara gaya wa, don na san in ta bakina Umma ta fara ji, magana ta mutu. Ya yi shiru ya ce, "Kin tambayi Malam?" Dama abin yana ci mini rai, don kowa ya san ayar Suratun Nisa'i da Shaiɗan yake cewa zai umarci mutane su canza halittar Allah. Muka je wurin malamin da ya koyar da mu a Islamiyya, bayan la'asar, a zaurensa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kawo hadisin Arfajatu ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinari. Ya ce malamai sun raba abin biyu: gusar da aibin da ciwo ko haɗari ya jawo, wannan babu laifi, neman ƙarin kyau a kan halittar da take lafiya lau, wannan shi ne abin tsoro. Sai ya dube ni ya ce, "'Yata, ni gyaran tabo kika kawo mini. In akwai wani abu bayan wannan a zuciyarki, ke da Ubangijinki kuka sani." Na sunkuyar da kai, domin akwai. So nake a tsuke duka biyun sosai, in fito da hancin da ban taɓa mallaka ba. Umma kuwa da ta ji, abu ɗaya ta ce: "Kar dai garin neman gira a rasa ido." Ba ta hana ba, ba ta kuma sa albarka a ranar ba.

Bayan ƙaramar Sallah, cikin Afrilu, na tafi wani babban asibitin gwamnati. Ga abin da ban sani ba: ba a tafiya kai tsaye wurin likitan gyaran jiki. Sai ka yanki kati, ka biya, ka kai rasit a buɗe maka fayil, ka bi layin ganin likitan kowa da kowa, shi ne zai rubuta maka takardar turawa. Na isa ƙarfe bakwai na safe, na ga likita wajen ƙarfe ɗaya. Kati da ganin likita suka ci 5,000. Na nuna katin inshorar da nake ƙarƙashinta, ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ba ta ɗaukar aikin kwalliya, kuma gaskiyarta, yana cikin abubuwan da aka cire. Aka ba ni ranar asibitin masu gyaran jiki, sau ɗaya suke zama a mako, tawa ta faɗo bayan sati uku.

Wannan ranar ba zan manta da ita ba. A bencin da na zauna, gefena wata mata ce daga ƙauye da yaro ɗan shekara huɗu a cinya, ruwan zafi ya ƙone shi, fatar wuyansa ta warke ta manne da ƙirji har ba ya iya ɗaga kai ya kalli mutum. Yana cin ƙuli-ƙuli yana leƙena ta ƙasan ido. Gaba kaɗan jariri ne mai tsagaggen leɓe. Uwar yaron ta ce, "Baiwar Allah, ke kuma wa kika kawo?" Na ce ni ce. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa tana neman inda ciwon yake, ba ta gani ba, ta ce Allah Ya sawwaƙe. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sau biyu ina miƙewa in tafi gida.

Likitan da na gani bai raina ni ba ko kaɗan, kuma a wurinsa na fara jin sunan aikin, alaplasti. Ya ce ba ɗaya ba ne da babban aikin hanci da ake taɓa ƙashi da guringuntsi. Wannan ɗan yanki ne ake cirewa a gindin hanci, daidai lungun da gefen hanci ya haɗu da kumatu, wani lokaci har da ɗan kaɗan daga ƙasan ƙofar, sannan a ja a ɗinke. Karan hanci ba ya ƙara tsawo, tsinin ba ya canzawa. Ya ce suna iya yi, kuma zai fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma jerin masu jiran ɗakin tiyata dogo ne, masu ƙuna da ciwon daji da haɗarin mota su ne gaba, ba zai iya yanka mini rana ba. Bayan abin da na gani a benci, ba ni da bakin cewa komai. Sai ya ba ni shawarar da ta fi 5,000 ɗin da na biya daraja. Ya ce duk inda zan je in nemi cikakken sunan likita, in tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, in kuma tambaya ko ya gama ƙwarewa a fannin gyaran jiki ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Ya ce masu wannan ƙwarewar za ki ga FWACS ko FMCS a bayan sunansu, kuma likitocin gyaran jiki suna da ƙungiya, NAPRAS. "Wanda ya ji haushi don kin tambayi takardarsa," in ji shi, "ki ɗauki jakarki."

Da wannan ma'aunin na tace wurare. Na kira biyu a Abuja, ɗaya ya ce 950,000, ɗaya ya haura miliyan, ban da masauki da kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa. Wata ƙawata ta ce in tafi Turkiyya kawai, na buga lissafin dala a lokacin tana wajen 1,500, na ajiye wayar. A ƙarshe na tsaya a kan wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna, inda wani babban likita yake zuwa ranar Asabar. Cikin Yuni, bayan babbar Sallah, ni da Yaya muka kama hanya, Jaji, Mararraban Jos, muka sauka Kawo muka hau Keke. Ganin likita 25,000, kuma ba a cire shi daga kuɗin aiki, ki tambaya tun farko.

Abin da ya ba ni mamaki, bai fara da hancin ba. Kunnena ya fara dubawa, ya murza inda aka huda, ya ce in nuna masa tabon allurar rigakafi na dantse, ya tambaya ko a danginmu akwai mai tabon da yake kumbura ya yi tudu yana ƙaiƙayi, wanda suke kira kiloyid. Ya ce baƙar fata ta fi saurin yin sa, kuma da ya ga alama a jikina da ya sallame ni, don gara faffaɗan hanci da ƙululu biyu a tsakiyar fuska. Ya tambaya ko ina shafa man bilicin. Na ce a'a. Ya ce in faɗi gaskiya, don mayukan nan da yawa suna sa fata ta yi laushi, ɗinki ya ƙi kamawa. Sannan ya ɗauko wani ɗan ma'auni kamar kamfas ɗin da ke cikin akwatin lissafin ɗalibaina. Ya auna tsakanin kusurwoyin idona na ciki, ya auna faɗin gindin hanci. Ya ce a littafi ana son su zo kusan ɗaya, amma littafin ba da fuskokinmu aka rubuta shi ba, in ya bi shi sau da ƙafa zan fito kamar an ara mini hancin wata. Har ya gaya mini yankan tsoho ne, wani likitan Amurka mai suna Weir ya bayyana shi tun 1892. Hukuncinsa: milimita huɗu a hagu tare da cire tsohon tabon, biyu a dama don su daidaita.

Na ce, "Likita, milimita shida kawai? A ƙara mana, tunda kuɗin ɗaya ne." Na fito da hoton wata a waya na nuna masa. Ya karɓa ya duba ya miƙo mini. Ya ce in sa yatsu biyu in matse hancina zuwa yadda nake so, in rufe baki, in ja numfashi. Na ja, iska ta ƙi shiga sai da ƙyar. Ya ce, "Haka za ki kwana kullum har ƙarshen rayuwarki. In na cire kaɗan ba ki gamsu ba, bayan shekara ina iya ƙarawa. In na cire da yawa, ba ni da inda zan samo in mayar." Yaya da ke zaune a gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi yadda ka ce." Na fito raina a ɓace. A mota na tuna maganar Malam, na ga ashe likita ya mayar da ni kusa da gyaran tabon da na ce shi na zo yi, ba tare da ya san an yi wancan zaman a zaure ba.

Gwaje-gwaje a Zariya na yi su, a wani ɗakin gwaji a Sabon Gari, don sun yarda da sakamakon waje in bai wuce wata guda ba: yawan jini, daskarewar jini, suga, ciwon hanta, ƙanjamau. Duka 28,000. Kuɗin aikin kuwa adashe ne, mu goma muna zuba 50,000 duk wata, na roƙi uwar adashe ta ba ni kwasar Yuli. Sauran na sayar da 'yan kunnena na zinari na haɗa da ribar turare. A wurin biya suka ce in na yarda a sa hotona a shafinsu za a rage mini 50,000. Na ji kwaɗayi, amma na tuna iyayen yara da ke bin Instagram, na ce a'a, na kuma sa aka rubuta a takardar amincewa cewa ban yarda ba. Takardar da Turanci take, shafi uku, ki zauna ki karanta ko ki je da mai karanta miki. A ciki ne za ki ga an jera abin da ka iya faruwa: tabo, rashin daidaito, tsukewar ƙofar hanci, buƙatar sake aiki da kuɗinki.

Na zaɓi dogon hutun makaranta, kuma damina ce, babu ƙura. An ba ni farkon Agusta, sai zanga-zangar tsadar rayuwa ta tashi, aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, aka ɗage zuwa mako na uku. Kwana goma kafin ranar aka hana ni asfirin da ibuprofen da duk dangin maganin ciwon jiki irin su, sai farasitamol kaɗai, saboda suna tsinka jini. Na cire ɗan hancina tun sati biyu kafin nan. Ranar aikin muka ɗauki shatar mota, 50,000 zuwa da dawowa, don ban ga yadda zan matsu cikin mutum huɗu a baya da ɗanyen ɗinki a fuska ba. Muna isa akawu ya miƙo wata takarda: kayan aiki, 45,000. Zare, safar hannu, allurai, ruwan wanke ciwo. Na ce ba a gaya mini ba. Ya ce 600,000 na likita ne da ɗakin tiyata. Yaya ya so ya yi faɗa, amma ina tsaye da rigar asibiti a hannu, wa zai fasa? Ya fita ya nemo mai POS. Wannan 45,000 ɗin ta fi duk sauran ƙona mini rai, ba don yawanta ba, don lokacin da aka zaɓa aka faɗe ta.

Ba a sa ni barci ba, wurin kawai aka kashe. Na kwanta, likita ya zana layuka da alƙalami mai ruwan shanshanbale, ya ba ni madubi na gani, ya sake aunawa sau biyu. Aka goge fuskar da wani jan ruwa mai sanyi, aka rufe ni da koren ƙyalle aka bar hanci da baki. Allurar ce wuyar aikin gaba ɗaya. Bahaushe ya ce abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa, ni na ga zahirinsa: ba kuka nake ba, amma hawaye na gudu har cikin kunnena, nas tana sharewa tana cewa, "Sannu, saura ɗaya." Zuciyata ta riƙa bugawa da sauri, likita ya ce maganin da ke cikin allurar ne mai rage zubar jini, zai wuce. Leɓena na sama ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Daga nan ban ji zafi ba, sai ja da taɓawa, da wani ƙauri kamar ana babbakar kan rago lokacin da yake tsayar da jini. Ina ta salati a zuci. Minti hamsin aka ce in tashi zaune a hankali. Na huta awa ɗaya, muka sayi magunguna na 22,000, muka kamo hanya. La'asar a gida na yi ta.

Satin farko shi ne wanda babu wanda ya shirya ni dominsa. Washegari na dubi madubi na ga hancin ya fi da girma, ya kumbura yana sheƙi, ga baƙin zare siriri kamar gashi a kowane lungu. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, a hankali, don ko kukan ja yake. An hana ni face hanci, an ce in atishawa ta zo in buɗe baki, in kwana a kan filo biyu, kar in yi dariya sosai, kar in sunkuya. Umma da ba ta sa albarka ba ita ce ta hana kunna turaren wuta a gidan gaba ɗaya, a gidan mai sayar da turare, ta kuma cire yaji daga miyata don kar hanci ya yi ruwa. Kunu da fate na sha har na gaji. Maganar salla kuwa sai da na aika Yaya wurin Malam. Ya ce shaƙa ruwa a alwala sunna ce, in bar ta, in wanke inda zai wanku in shafa a kan filastar, in yi salla a zaune ina nuni tunda likita ya hana sunkuyo, in na samu sauƙi in sa goshi a ƙasa ba tare da na danna hancin ba. Takunkumi da niƙabi duk gogar wurin suke, don haka zaman gida ya fi. Rana ta shida muka koma aka cire zare, minti goma, ɗan tsikari kawai, kuma wannan ba a karɓi ko kwabo ba.

Na ɗauka an gama, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Aka rubuta mini man silikon da ake shafa wa tabo safe da yamma, ɗan mitsitsin bututu 24,000, guda biyu na saya. Man kare zafin rana 12,000, don rana tana sa sabon tabo ya yi baƙi, ga ni kullum a Keke tsakanin Tudun Wada da Samaru. Da makaranta ta koma a Satumba kumburin ya faɗa sosai. Cikin Oktoba sai gefen hagu, inda tsohon ciwon yake, ya fara tauri yana ɗan tasowa yana ƙaiƙayi. Cikina ya ɗuri ruwa, na ce shi ke nan, maganar Umma ta tabbata. Na tura hoto, likita ya ce in zo kar in jira. Ya ce ba kiloyid ba ne tukuna, tabo ne mai kauri, ya yi mini allura a cikin tabon kansa, 20,000, bayan wata guda aka sake, wata 20,000. Ya kwanta. Hunturu da ya shigo wurin ya riƙa bushewa yana ja, sai da na riƙa bin sa da man kaɗanya a kewaye. In na haɗa zuwa shida da muka yi a motar haya, ni da mai raka ni, 80,000 ne, da shatar ranar aiki 130,000 kenan a hanya kaɗai. Wadda take zaune a Kaduna ba za ta biya wannan ba, mu 'yan Zariya dole ne.

Da zan sake daga farko, da asibitin gwamnati zan fara kafin in ba kowa sisi, ko da ba a can za a yi aikin ba, don a can ne na samu wanda ba ya neman kuɗina ya gaya mini gaskiya. Kuma da na ce a rubuta mini a takarda, da sa hannu, abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba: kayan aiki, magani, cire zare, dawowa dubiya, allurar tabo, da wanda zai biya in aka sake aiki. Duk kuɗin da aka ce miki, ki tanadi ƙarin rabinsa a gefe kafin ki karɓi rana. Ki nemi ganin hotunan masu irin fatarmu bayan wata shida ko shekara, ba na ranar da aka sauko daga gado ba, kuma ki ce a nuna miki lungun hancin kusa, ba fuska daga nesa da hoda ba. In kina da tabo mai tudu a kunne ko ƙirji, ki faɗa da bakinki tun ba a tambaya ba. Wurin gyaran gashi da wurin tausa da suke cewa suna yi a rabin kuɗi kuwa, araha ba ta ado, balle a tsakiyar fuska inda mayafi ba ya rufewa.

A Fabrairun 2025 na je dubiya ta ƙarshe. Likita ya ajiye hoton farko kusa da na ranar. Ƙofofin sun daidaita, ba ɗari bisa ɗari ba, ta hagu har yanzu ta ɗan fi zagaye in na yi murmushi, kuma akwai siririn layi a lungun da nake gani in na matsa kusa da madubi da safe. Hancin nawa ne dai, na gidanmu, an ɗan tattara shi. Numfashina lafiya lau. Sati biyu bayan nan aka yi bikin 'yar Kawu a cikin birni, na tsaya a hoto fuskata a miƙe karon farko. Gwaggo, wadda ba abin da ke wuce idonta, ta riƙe haɓata ta juya ni dama da hagu ta ce, "Ke kuwa me kike ci ne kwanan nan? Kin yi fes." Umma tana gefe tana ƙulla goro a leda, ba ta ɗago ba. Zubin adashe kuwa sai Afrilu na gama biya.